Yadda ake noman irin funfunar da ke ɗana wa tsutsotsi tarko

Tambaya: Na ji cewa akwai wata funfuna da ke kama tsutsotsin nematod masu lalata saiwar shuka. Ta yaya ake samar da ita da yawa, kuma me ya hana ta yaɗuwa kamar maganin feshi?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, domin tun a 1888 wani masani Bajamushe, Wilhelm Zopf, ya bayyana yadda funfunar Arthrobotrys oligospora ke kama tsutsotsin nematod da raga mai danƙo. Wasu nau'o'in kuwa zobe suke yi na ƙwayoyin halitta 3, wanda da zarar tsutsa ta zura kai a ciki sai ya kumbura cikin ƙiftawar ido ya shaƙe ta.

Tsirar da funfunar ba shi da wuya, amma zarenta, wato siraran zaruruwan da su ne jikinta, ba ya jure bushewa ko ajiya, don haka abin da ake nema shi ne ƙwayoyin irinta. Ana fara renonta a tankin tsimi, cikin ruwa mai sukari da sinadarin naitirojin, ana motsawa ana hura iska a zafin da ke tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salsiyas, kuma cikin 'yan kwanaki ruwan zai yi kauri da zare. Sai dai yawancin nau'o'in ba sa sakin iri sosai a nutse cikin ruwa, shi ya sa ake kwashe wannan tsimi a zuba kan hatsi ko dusa da aka jiƙa, aka turara a digiri 121 don kashe duk wata ƙwayar cuta, sannan a ɗaure cikin leda mai matatar iska.

A wannan mataki ne aiki ya fi lalacewa. Idan danshi ya yi yawa, hatsin zai cure, iska ta kasa ratsawa. Idan an cika ledar, tsakiyarta za ta ɗau zafi saboda numfashin funfunar kanta. Mai lura zai ga farin zare ya lulluɓe hatsin kamar auduga, amma da ya hango ɗigon kore ko baƙi, to baƙuwar funfuna ta shiga, kuma zubar da ledar ya fi. Bayan wasu makonni, abinci ya fara ƙarewa, sai funfunar da ake reno ta koma yin iri, wanda ake busarwa a hankali, a niƙa, a ƙirga a madubin ƙara girma.

Nau'in da ya fi cin nasara shi ne Duddingtonia flagrans, amma a kan tsutsar cikin dabbobi ba ta saiwar shuka ba, saboda irinsa mai kaurin ɓawo yana ratsa cikin dabba da rai. Ana haɗa shi da abincin tumaki, shanu ko dawaki kullum, ya tsiro a cikin kashinsu ya kama 'ya'yan tsutsar ciki kafin su hau ciyawa. An yi wa irin wannan magani, BioWorma, rajista a Ostireliya a 2018.

A cikin ƙasar gona kuwa sakamakon ba ya tabbata, domin funfunar tana gogayya da ɗimbin ƙananan halittu, kuma ba ta cika ɗana tarko ba sai ta ji yunwa ta kuma ji alamar tsutsa a kusa. A ganina wannan ne babban dalilin jinkirin yaɗuwarta, don haka zan ba ka shawarar ka haɗa ta da sauya shuka da iri mai juriya, maimakon dogara da ita kaɗai.