Garmar da ke sauka da kanta

Jiya da yamma ka tambaye ni a kan taraktar nan Massey Ferguson 165 da aka kawo mana, wadda take ɗaga garma amma da zarar an kashe inji sai garmar ta sulale ƙasa, ka ce ko ka buɗe ta ka sauya ringin fistan na silindar ɗaga kaya kawai a sallami mai ita. Ban amsa maka nan take ba, domin wannan "kawai" da ka faɗa ta fama mini wani tsohon miki.

Wa ya tabbatar maka ma cewa silindar ce take yoyo? A irin wannan tarakta silindar ɗaga kaya tana ɗaure ne a ƙarƙashin babban murfin da kujerar direba take kai, saboda haka man da ya kuɓuce mata ba ya ɗiga ƙasa balle ka gani, komawa yake yi cikin rumbun da giya da ƙafafun baya suke sha tare. Ka rage man har ya sauka ƙasa da zagayayyen murfin nan na gefen dama, ka cire shi, ka tayar da inji, ka ɗaga garma mai nauyi, sannan ka haska tocila, kuma kada hannunka ya shiga ciki muddin inji yana aiki. Idan mai yana kwararowa daga sama, to matsalar tana ga fistan ko cikin silinda, ko da yake ɗigo jefi-jefi ba laifi ba ne ga mai ringin ƙarfe. Idan yana feshi ta jikin bututun tsaye da ke kai mai daga famfo zuwa murfi, to robobin bakinsa ne suka mutu ko shi kansa ya tsage, kuma ta sama ake zaro shi ba sai an ɗaga babban murfi ba. Idan kuwa man da ke ƙasan rumbun ne yake ɓulɓula kusa da famfo, bawul ɗin famfon ne yake saki. Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyon minti biyar a waya, sai ku ɗauki sifana kafin ku ɗauki tocila.

Lokacin ina da ƙaramin gareji, wani mai gona daga yankin Saminaka ya aiko aka ɗauke ni zuwa wurin taraktarsa, irin wannan sak. Ruwan shuka ya sauka, manoman masara sun biya shi kuɗin haro suna jiran layi, shi kuma hankalinsa ya tashi. Da na buɗe, na tarar da cikin silindar ya kakkarce har farce yana maƙalewa a ramukan, man kuma ya yi fari kamar nono saboda ruwan saman da ya daɗe yana shiga ta yagaggiyar robar sandar giya, ga ƙasa ta kwanta a gindi. Na gaya masa ƙarara cewa sai an sayo sabuwar silinda da fistanta, a zubar da man nan gaba ɗaya, a wanke ciki, a zuba sabo wajen lita 30. Ya ce ba shi da kwana biyun da za a je Kano a dawo, ya riƙe hannuna yana cewa, "Malam, don Allah ka sa ringi kawai, in an gama shuka sai a yi babban aiki." Na ji nauyinsa na yarda, daga ni sai shi a gindin bishiya, babu mutum na uku da ya ji abin da muka yi magana a kai.

Bayan tafiyata ya mayar da tsohon man, ya cike giɓin da baƙin man da aka juye daga inji. Ba a yi kwana goma ba ramukan nan suka cinye sabon ringin, ƙasa ta cinye famfo, haron ya riƙa sassaukowa a kan hanya direba bai lura ba, har ya bugi bakin kwalbati, sandar da ke riƙe faifan ta lanƙwashe, faifai biyu suka fashe. Mutumin nan ya tara jama'a ya kai ni gaban shugaban makanikai na garin, ya rantse cewa ban taɓa ce masa silinda ta lalace ba, har ya ƙara da cewa ni na ɗauke tasa mai kyau na saka masa tsohuwa. Ba ni da shaida. Aka yanke cewa in sayi silinda da fistan, in gyara haro, kuɗin aikina kuma ko sisi ban gani ba. Sai da na sayar da babur ɗina na biya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manyan manoma biyu da na shekara biyar ina yi wa aiki sun kwashe taraktocinsu a daminar nan, domin labari ya bazu cewa ina musanya wa mutane kaya. Har yau idan muka haɗu a kasuwa yakan miƙo mini hannu kamar babu abin da ya faru.

Yadda ake sauke garma ƙasa kafin a taɓa komai, da kwance kujera da kusoshin murfi, ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara biyu a gareji bai san wannan ba gara ya nemi wata sana'ar. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin murfin ya ɗaga sai ka zare bututun tsaye, ka kuma cire ƙaramar rolar nan da ke haɗa sandunan murfi da bawul ɗin famfo ta ramin gefe, in ba haka ba za ka lanƙwasa su, taraktar kuma ba za ta sake jin umarnin libar ɗaga garma daidai ba. Murfin yana da nauyi ƙwarai, ku ɗaga shi ku biyu ko da sarƙa, a miƙe. Idan fistan ya fito, ka wanke cikin silindar da kananzir, ka bi shi da farcenka ta kowane gefe. Gurzar da ido ke gani amma farce bai tsaya a kanta ba, samfefa mai laushi da ɗan mai za su share ta. Wadda farce ya maƙale a cikinta kuwa babu ringin da zai toshe ta. Wajen mayarwa, ka karkasa bakunan ringin kada su yi layi ɗaya, ka shafa musu mai, kuma robobin bututu da gasket duk sababbi za ka saka.

Gobe da safe ka fara da murfin gefe da tocila, ka zo ka gaya mini daga ina man yake zubowa. Idan ta kai ga fito da silinda, kada ka sayi komai sai mai taraktar ya zo da kansa, ya sa farcensa a ciki a gabana da gaban direbansa, ya dubi launin mansa, sannan a rubuta abin da ya zaɓa a littafin gareji ya sa hannu.