Abin da ke kai 'yan Torino tudun Superga duk shekara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga 'yan wasan Torino sun hau wani tudu, kyaftin yana karanta sunaye, jama'a sun yi tsit, kana tambaya ko wani camfi ne na neman sa'a. Ba camfi ba ne, juyayin mamatansu suke yi, kuma tun kafin a haifi mahaifinka ake yin sa.

A shekarun 1940 babu ƙungiyar da ke iya tsayawa gaban Torino a Italiya. A kakar 1947-48 kaɗai ƙwallo 125 suka zura. Akwai wasan da Italiya ta yi da Hungary a 1947, goma daga cikin sha ɗaya 'yan Torino ne. Kyaftin ɗinsu Valentino Mazzola, in wasa ya yi sanyi a filinsu na Filadelfia sai ya naɗe hannun riga, daga nan abokan karawa sun san kashinsu ya bushe.

Kakar 1948-49 saura wasa huɗu a gama, suna gaban Inter da maki huɗu, sai suka tafi Lisbon wasan sada zumunta da Benfica, don karrama kyaftin ɗin Benfica, Francisco Ferreira. Ranar 4 ga Mayu 1949 suna dawowa, hazo ya rufe gari, jirginsu ya daki katangar bayan cocin da ke kan tudun Superga, dab da birnin Turin. Mutum 31 ke ciki, 18 daga cikinsu 'yan wasa, babu wanda ya fita da rai. Vittorio Pozzo, tsohon kocin ƙasar da ya san su ɗaya bayan ɗaya, shi aka kira ya tantance gawarwakin.

Hukumar ƙwallo ta ba Torino kofin gasar lig ta Italiya, na biyar ke nan a jere. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne yadda aka ƙarasa wasannin huɗun nan. Torino ba ta da sauran manya, dole ta fito da yaranta matasa. To Genoa, Palermo, Sampdoria da Fiorentina su ma sai suka ajiye manyansu a gida, suka kawo yara. Ka ga kara ke nan, irin wadda mu ma muka sani: ba a zuwa gidan makoki karɓar bashi. Yaran Torino kuwa suka cinye duka huɗun. Ku da kuke zagin juna a Facebook saboda bugun fanareti, ban san ko za ku iya wannan ba.

Tsoron jirgin sama ya daɗe bai bar 'yan Italiya ba. Da za su Brazil gasar cin kofin duniya a 1950, jirgin ruwa 'yan wasan Italiya suka hau. Torino kuma ba ta sake ɗaukar kofin lig ɗin Italiya ba sai 1976.

Shi ya sa duk 4 ga Mayu suke hawa can. A yi addu'a a coci bisa addininsu, sannan kyaftin ya tsaya gaban allon dutsen da ke jikin katangar ya kira sunayen da babbar murya. Ba kocin ba, ba mai ƙungiyar ba, kyaftin, don shi ya gaji kujerar Mazzola. Ɗan Mazzola ɗin, Sandro, da ya girma Inter ya buga wa, wadda kake goyon baya.

Ka gaishe da mahaifiyarka. Baffanka.