Yoyon mai a gindin kabul ɗin agogon injin moto (babur)

"Maigida, tsohuwar Honda ɗin nan da aka kawo daga Tibiri, mai na fita daidai inda kabul ɗin agogon juyin inji ya shiga kan inji. Na matse sukurun har ya ƙi tafiya, bai daina ba. In sayo sabon kabul ne, ko in shafe wurin da gam?"

Ko ɗaya kada ka yi, ɗana. Kuma ka daina matse sukurun nan, aikinsa riƙe kabul ne kawai don kada ya zame. Cikin alminiyam yake zaune, in ka cinye haƙoran ramin ka jawo mana wani aiki da ba wanda zai biya mu.

Kabul ba ya tare mai. Ka dubi yadda abin yake: sandar da ke buɗe bawul tana juyi ɗaya duk lokacin da injin ya yi biyu. A jikinta akwai haƙora da ke juya wani ɗan ƙarfe siriri, shi kuma ya juya wayar cikin kabul, allurar agogo ta tashi. Wurin kuwa mai ne ke fantsama cikinsa muddin inji na aiki. Abin da ke tsakanin man da waje ɗan juwan ne na roba da ya rungume ƙarfen, faɗinsa bai kai ƙwandala ba. A wasu motocin akwai kuma zoben roba a jikin gidan da ƙarfen ke ciki. Moton da ya shekara talatin ko arba'in yana shan zafin kan inji, ga ranar Maradi da ke haura 40 a watan Afrilu, robar nan ta daɗe da bushewa. In ka ciro ta za ka ga tana karyewa.

Amma kafin ka kwance komai, wanke wurin da esansi, bari ya bushe, ka barbaɗa hoda, sannan ka tada inji. Inda hodar ta fara jiƙewa nan ne yoyon. Iska na kora mai nesa da inda ya fito, sau da yawa juwan marfin kan inji ne ke zuba a ɗora wa kabul laifi.

In ka tabbatar nan ne, cire sukurun da turnabis na bugu, don kan sukurun Japan saurin lalacewa gare shi. Zare kabul. Juwan na can ciki. Nemi siririn sukurun katako, murɗa shi kaɗan cikin robar, ka ja da filaya. Nan nake son ka natsu. Yara da yawa kan zura bakin turnabis su yi ta ɓanɓara, su karce bangon ramin ko jikin ƙarfen. Karce ɗaya ya isa: ko sabon juwan goma ka sa, mai zai bi layin ya fito. Bayan ka cire, shafa ƙarfen da farce. In ka ji kwari inda tsohuwar robar ta daɗe tana goga, ko ka ji yana girgiɗi, to ƙarfen ma sai an sake.

Awon juwan yana rubuce a fuskarsa da milimita: ramin ciki, faɗin waje, kauri. Na tsofaffin Honda da yawa 4.8 da 14.5 da 4 ne. Duk da haka ka tafi kasuwa da tsohon a hannu. In babu a nan, masu zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya su nemo mana. Kada wani mai shago ya ce maka "wannan ma zai shiga". Shiga daban, tare mai daban.

Wajen sawa, gefen da ke da kwari da leɓe shi ke kallon cikin inji. Shafa masa mai, ka zura shi a hankali don bakin ƙarfen yana da kaifi, yana iya tsaga leɓen tun kafin ya zauna. Ɗora ɗan bututu daidai faɗinsa ka buga sannu-sannu har ya zauna a miƙe. Gam kuwa, ban yarda da shi a nan ba. Ba ya riƙe abin da ke juyawa, kuma in ya ɓare ya faɗa ciki yana iya toshe hanyar man da ke hawa kan inji.

Kabul ɗin ma kada ka mayar da shi haka. Wayar ciki murɗaɗɗiya ce, tana iya jan mai sama har cikin agogo, allura ta riƙa rawa. Zare ta, wanke, shafa mai kaɗan, ka bar kamu ɗaya na sama a bushe. Wajen mayarwa juya ta da yatsa har bakinta ya faɗa mazauninsa, ba da ƙarfi ba.

Saura abin da ya fi sa moto dawowa bayan sati. Inji yana numfashi ta wani tiyo. In tiyon ya toshe da ƙura, ko zanzaro ya yi gini cikinsa lokacin da moton ke ajiye, iskar ciki sai ta nemi mafita, ta ture mai ta wurin da ya fi rauni. Cire tiyon ka hura. Duba man kuma kada ya wuce layi: tsayar da moton sak, ka sa ma'aunin mai ba tare da ka murɗa shi ba. In tiyon na buɗe amma yana feso hayaƙi da ƙarfi, salansa kuma na fitar da shuɗin hayaƙi, ringi ne, wato zobban fistan, suka cinye. Wannan kada ka taɓa, kira ni in yi magana da mai moton kafin ya kashe kuɗinsa kan juwan.