Amsa ga 'yar uwar da ta sha maganin gaggawa kuma al'adarta ta yi jinkiri

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da fargaba. Kin ce kwaroron roba ya fashe muku ke da maigida, washegari da safe kika sha Postinor-2, maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki, bayan kwana biyar kika ga ɗan jini ya ɗiga ya ɗauke, kin yi gwajin ciki na fitsari a kwana na goma ya nuna layi ɗaya, wato alamar babu ciki. Yanzu al'adarki ta wuce lokacinta da kwana shida, ga nono ya yi nauyi, ga tashin zuciya. Kina son sanin ko ciki ne, ko ki ƙara shan maganin don jinin ya sauko, kuma idan cikin ne ko maganin ya taɓa lafiyar ɗan.

Bari in fara da abin da ya fi damuna a cikin tambayar: don Allah kada ki ƙara shan maganin nan da nufin saukar da jini. Ba aikinsa ke nan ba. Ba ya kawo al'ada, ba ya kuma fitar da cikin da ya riga ya zauna. Abin da ƙarin zai yi miki kawai shi ne ya sake birkita lissafin jikinki, jinkirin ya ƙaru, fargabar ta ninku. Haka nan duk wani jiƙo ko haɗi da za a kawo miki a ce yana "wanke mara", ki ajiye shi. Mace ba ta san abin da ke cikin mararta ba, ta ɗura wa kanta abin da ba ta san ƙarfinsa ba, nan ne ake samun zubar jinin da ke kai mutum gadon asibiti.

Ni ma na sha wannan magani a tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma ba sau ɗaya ya juya min lissafi ba. Akwai lokacin da jinin ya riga ranarsa zuwa, akwai lokacin da ya yi ta jan ƙafa har na fara jin duk alamomin laulayi a jikina, alhali babu komai. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda yake aiki, sannan na daina tsorata da shi. Bayanin nata zan maimaita miki, domin idan kin gane shi, rabin tambayoyinki za su amsa kansu.

Abin da ke cikin Postinor-2 da ire-irensa sinadari ne da za ki ga an rubuta levonorgestrel a jikin kwalin, miligiram 1.5 gaba ɗaya. Wani kamfanin yana yin sa ƙwaya ɗaya, wani ƙwaya biyu masu 0.75 kowacce. Dangin sinadarin da jikin mace ke samarwa da kansa ne bayan ta saki ƙwai, sai dai an ba ki shi da yawa a lokaci guda. Aikinsa shi ne ya dakatar da sakin ƙwai ko ya jinkirta shi. Maniyyi yana iya zama da rai a jikin mace har kwana 5, shi kuwa ƙwai idan ya fito bai wuce awa 12 zuwa 24 yake yi ba. To idan aka riƙe ƙwan na 'yan kwanaki, kafin ya fito maniyyin ya mutu, babu abin da zai tarar. Kamar rufe ƙofar akurki ne: idan kazar tana ciki, rufewar ta yi amfani, idan ta riga ta fita, kin rufe banza. Shi ya sa ake cewa a sha da wuri, cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon ingancinsa. Ke kin sha washegari, wannan ya yi kyau ƙwarai.

Daga nan ne jinkirin yake fitowa. Al'ada tana biyo bayan sakin ƙwai da kusan sati biyu. Idan maganin ya tura sakin ƙwai gaba da kwana biyar ko shida, dole al'adar ma ta matsa gaba. Wato jinkirin da kike gani yana iya zama shaidar cewa maganin ya yi aikinsa ne. Yawancin mata jininsu yana zuwa cikin sati ɗaya kafin ranar da suka saba ko bayanta, wani lokaci ya fi yawa, wani lokaci ya ragu. Ɗan jinin da kika gani a kwana na biyar shi ma sananne ne: sinadarin ya hau sama a jiki sannan ya sauka, sai bangon mahaifa ya ɗan zubar. Kada ki ɗauke shi a matsayin al'ada, kada kuma ki yarda da masu ce miki tabbas jinin shigar ciki ne. Bai tabbatar da ko ɗaya ba.

Nauyin nono, tashin zuciya, kasala, ciwon kai, ɗaurewar mara, duk maganin yana kawo su. Al'ada idan ta kusa tana kawo su. Ƙaramin ciki ma yana kawo su. Ga kuma fargaba, wadda ita kaɗai tana hana barci, ta ɗauke sha'awar abinci, ta kuma ƙara riƙe jinin. Na ga mata da yawa suna kwana suna taɓa nono, suna leƙa kamfai, suna auna kowane motsin ciki, kuma wallahi abin yana ba ni tausayi, domin alamomin nan ba za su taɓa ba su amsa ba. Babu wata a cikinmu, komai yawan haihuwarta, da za ta karanta alamominki ta ce miki ciki ne ko ba ciki ba ne. Gwaji ne kaɗai zai faɗa, shi ma sai an yi shi a kan lokaci.

Gwajin da kika yi a kwana na goma ya yi wuri. Tsinken gwajin yana neman wani sinadari ne mai suna hCG, wanda jiki ba ya fara samarwa sai ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya manne a mahaifa, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya taru ya fito a fitsari. A kwana na goma mace mai ciki ma tana iya ganin layi ɗaya. Ƙa'idar da malaman asibiti ke bi ita ce kwana 21 daga ranar da aka sadu ba kariya, ko kuma idan al'ada ta wuce lokacinta da fiye da kwana 7. Ki ɗauko kalanda ki ƙirga daga ranar da robar ta fashe, ba daga ranar da kika ga ɗigon jini ba. Idan 21 ta cika, ki yi gwajin da fitsarin farko na safe, kafin ki sha ruwa da yawa. Ki duba ranar lalacewar tsinken a jikin ledarsa, ki karanta sakamakon cikin mintunan da takardar ta faɗa. Layin da ya fito bayan tsinken ya bushe ya daɗe a ajiye ba abin dogaro ba ne. Amma layi na biyu da ya bayyana a kan lokaci, ko da dishi-dishi ne, ana ɗaukarsa ciki ne har sai asibiti sun duba. Maganin gaggawa ba ya ɓata sakamakon gwaji, babu hCG a cikinsa.

Akwai tambaya ɗaya da ba ki taɓo ba, ita ce kuma na fi so ki yi wa kanki da gaskiya: bayan kin sha maganin, an sake saduwa ba kariya? Mata da yawa suna zaton ƙwayar tana rufe su har ƙarshen wata. Ba ta yi. Saduwar da ta gabata kaɗai take karewa. Tunda ma jinkirta ƙwai take yi, ƙwan yana nan tafe a kwanakin da ke biye, a lokacin da mace take ganin ta wuce haɗari. Cikin da ake cewa "na sha magani amma ya shiga", sau da yawa ta wannan ƙofar ya shigo. Idan hakan ta faru da ke, lissafin kwana 21 zai fara ne daga saduwar ƙarshe, gwajin da ya nuna babu kafin nan sai an maimaita shi.

Sauran abubuwan da ke rage ƙarfin maganin kaɗan ne, amma ki duba su. Idan kin yi amai cikin awa biyu da sha, ana ɗauka bai shiga jiki ba, wasu takardun maganin ma awa uku suke cewa. Wasu magunguna suna sa hanta ta narkar da shi da sauri, kamar rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, da efavirenz cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Nauyin jiki ma yana da tasiri, akwai ƙa'idojin likitoci da ke cewa ingancinsa yana iya raguwa ga macen da ta haura kilo 70. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki kwantar da hankalinki: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mace 1 zuwa 2 ne cikin 100 ke ɗaukar ciki bayan shan irin wannan ƙwaya.

Idan gwaji ya nuna layi ɗaya bayan kwana 21, kuma ba a sake saduwa ba kariya ba, ba ciki ba ne. Ki ba jikinki lokaci, jinin zai zo, kuma yawanci wata mai zuwa lissafi yake komawa daidai. In an ƙara sati shiru, ki maimaita gwajin, in har yanzu babu, ki je a duba ki. Rashin lafiya, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, shayarwa, matsalar maƙoƙo da ta ƙwayayen mahaifa, duk suna riƙe al'ada ba tare da ciki ba.

Idan kuma layi biyu ne, ki cire tsoron da kika ambata. Binciken da aka yi a kan matan da suka ɗauki ciki duk da shan levonorgestrel bai nuna yana jawo nakasa ga jariri ko ɓari ba. Na san matan da suka yi wata tara cikin zullumi saboda wannan, suka haifi 'ya'yansu lafiya lau, zullumin bai ƙare su da komai ba. Abin da ya kamata shi ne ki je asibiti da wuri, ki faɗa musu ranar al'adarki ta ƙarshe da ranar da kika sha maganin, su ɗora ki a kan folic acid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki, su yi miki hoto a tabbatar cikin yana zaune a mahaifa.

Wannan maganar ta hoto ba ta wasa ba ce, kuma a nan nake so ki buɗe kunne sosai. Wani lokaci ciki yana zama a bututun mahaifa maimakon cikinta. Ba maganin ke haddasa shi ba, yana faruwa ga kowace mace, amma macen da ke jiran al'ada tana ganin ɗige-ɗige ita ce ta fi saurin ɗaukar alamominsa a matsayin ciwon mara na yau da kullum. Idan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwo a ƙarshen kafaɗa ba tare da kin bugu ba, ko jiri da ganin duhu-duhu kamar za ki faɗi, ko jini mai yawa da ke jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, kada ki jira kwana 21, kada ki jira gari ya waye. A kai ki asibiti a lokacin, ki ce musu al'adarki ta yi jinkiri. Bututun idan ya fashe jini yana zuba ne ta ciki, ba a ganinsa a waje, kuma yana kisa. Kada kunya ta sa ki ɓoye cewa kin sha maganin gaggawa. Malaman asibiti suna jin irin wannan kullum, kuma bayanin ne zai sa su gane matsalar da sauri.

Na ga wata a ƙasa ta rubuta miki cewa maganin yana ƙona mahaifa, mace ta daina haihuwa. Ba gaskiya ba ne, cikin 'yan kwanaki yake barin jiki, shi ya sa ma ba ya kare saduwar da ta biyo baya. Aibinsa idan aka mai da shi na kullum daban ne: bai kai sauran hanyoyin tazarar haihuwa inganci ba, kuma yana hargitsa al'ada har mace ta rasa inda lissafinta yake, kowane wata ta koma cikin irin wannan zaman ɗar-ɗar da kike ciki. A ganina macen aure da ke son hutu tsakanin haihuwa ta cancanci abin da ya fi wannan kwanciyar hankali. Idan komai ya daidaita, ku je ke da maigida sashen tazarar haihuwa a yi muku bayanin ƙwayar kullum, da allura, da ashanar hannu, da robar mahaifa, ki zaɓi wadda ta dace da jikinki. Ita robar mahaifa mai jan ƙarfe ma tana aiki a matsayin kariyar gaggawa idan aka saka ta cikin kwana 5 da saduwa, ingancinta ya haura kashi 99 cikin 100, ta fi duk ƙwayoyin, kuma tana ci gaba da aiki shekaru. Akwai kuma wata ƙwayar gaggawar mai suna ellaOne da ke aiki har awa 120, ga wadda kwana uku suka wuce mata.

Kafin ranar gwajin, ku ci gaba da amfani da kwaroron roba a duk saduwa don kada lissafin ya sake komawa farko. Idan kin yi, ki dawo ki faɗa mana abin da ya nuna, ki haɗa da ranar da abin ya faru da kuma ko kina shan wani magani na dindindin, sai mu san shawarar da ta dace daga nan. Allah ya ba ki lafiya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.