Zan iya haɗa agogo irin Rolex da hannuna?

Tambaya: Na daɗe ina sha'awar agogon Rolex Submariner, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ina so in haɗa kwatankwacinsa da hannuna a gida, don nishaɗi kawai. Zai yiwu? Daga ina zan fara?

Amsa: Zai yiwu, Malam, muddin ka bambanta ƙera agogo da haɗa shi. Ƙerawa shi ne ka yanka kowace giya da kowane sukuru daga ɗanyen ƙarfe. George Daniels na Ingila, wanda ya rasu a 2011, ya yi haka, kuma wani sashen inji da ya ƙirƙira, mai daidaita bugun agogo, shi ne kamfanin Omega ya fara sa wa agogunansa a 1999. Amma rayuwarsa gaba ɗaya ya ba wannan aiki, agogunan da ya fitar kuma 'yan kaɗan ne. Abin da kai za ka yi shi ne sayen inji, gida, fuska, hannaye da madauri daban-daban, ka haɗa su. Wannan ma aiki ne na gaske, kada ka raina shi.

Injin ne farkon abin da za ka zaɓa, don shi ke yanke girman sauran kayan. Masu farawa da yawa suna ɗaukar NH35 na Seiko: yana bugawa sau 21,600 a awa, yana ɗaure sifirinsa da motsin hannu, yana yin kusan awa 41 a ajiye, kuma yana jure kuskuren ɗan koyo. Fuskar da ta dace da shi yawanci milimita 28.5 ce. Akwai ETA 2824 na Suwizalan mai bugu 28,800, sai dai ramukan hannayensa da wurin ƙafafun da ke riƙe fuska a jikinsa ba ɗaya suke da na Seiko ba. Nan ne mutane ke asarar kuɗi, su sayo kaya masu kyau waɗanda ba sa shiga juna. In kana son ka san cikin inji sosai, nemi ETA 6497 ko kwafinsa na kamfanin Seagull ka kwance ka mayar. Asalinsa na agogon aljihu ne, faɗinsa ya haura milimita 36, shi ya sa ake koyar da ɗalibai da shi.

Wahalar tana wurin dasa hannaye. Sai ka juya lokaci a hankali har kwanan wata ya sauya, ka tsaya nan, ka dasa hannun awa da na minti a kan 12. In ka kuskure, agogonka zai riƙa sauya kwanan wata a wani lokaci daban, kamar da asuba, ba da tsakar dare ba. Hannun daƙiƙa kuwa yana hawa kan wani ɗan tsinke da bai fi kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, wato kusan 0.2. Ka danna da ƙarfi ya lanƙwashe, ka sassauta ya faɗi. Kuma dole hannayen uku su wuce juna ba tare da gogayya ba, su kuma bar gilashi. Ka sayi hannaye fiye da saiti ɗaya. Sandar makunni, wato abin da ake murɗawa a gefen agogo don saita lokaci, ita ma doguwa take zuwa, kai za ka rage ta. Yanka kaɗan, goga, gwada, sake yankawa. Wadda ta gajarce tana da wuyar gyara.

Kayan aiki ba su da yawa: hantsaki marar maganaɗisu, ƙananan sukurdirebobi, madubin ido, mariƙin inji, abin danna hannaye, 'yar robar hura iska da safar yatsu. Kada ka hura da baki, danshi na sa tsatsa. Ƙura ɗaya a ƙarƙashin gilashi za ta dame ka kullum, don haka ka rufe aikin duk lokacin da ka tashi.

Sai maganar suna, wadda na fi damuwa da ita. Siffar agogon nutso, mai zobe mai juyawa da baƙar fuska, kamfanoni da yawa suna yin ta a fili tun bayan fitowar Submariner a 1953. Amma sunan Rolex da tambarin kambinsa mallakarsu ne a doka. Da zarar ka sa su a fuskar da ba tasu ba, jabu ka yi, kuma a ƙasashe da dama jami'an kwastan na iya kama irin waɗannan kaya a hanya. Ko ba ka da niyyar sayarwa, agogo yakan sauya hannu, wata rana a cuci wani da aikinka. Sayi fuska marar rubutu, ko ka sa a buga sunanka a kai. Ni dai a ganina ya fi daraja a tambaye ka wane kamfani ne, ka ce kai ka haɗa.

Kada kuma ka yarda da rubutun jure ruwa har zurfin mita 200 da ke jikin gidan da ka saya. Shafa wa robobin toshe ruwa man silikon, ka ɗaure murfin baya sosai, sannan ka kai wa mai gyaran da ke da na'urar gwajin matsin iska kafin agogon ya taɓa ruwa.