Kafin ki biya kuɗin furen nan, shafa jikinsa ki ji ko da ƙaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Kaduna, akwai ɗan fili tsakanin katanga da tagar falo, faɗinsa bai wuce taku uku ba. Ina son furen nan mai ja da ruwan ɗorawa, mai dogayen silillika kamar gashin bakin kyanwa, wanda masu sayar da furanni ke kira Pride of Barbados. An nuna min babba a tukunya har ya fara fure, ga kuma ƙanana a baƙar leda. Kuɗin babba ɗaya zai sayi ƙanana biyar. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Ɗauki ƙananan, biyu ko uku sun ishe ki, ki mayar da sauran kuɗin jaka. Wannan tsiro yana da saurin girma, wanda aka shuka daga iri ma yakan yi fure cikin shekara guda zuwa biyu. Babban kuwa, idan ya daɗe a tukunya saiwarsa ta riga ta nannaɗe kamar gammo, kuma ko an dasa shi a ƙasa sai ya daɗe bai sake jiki ba. Kuɗin da za ki ƙara na furen da kika gani yau ne kawai.

Amma ba nan damuwata take ba. Akwai wata bishiya 'yar uwarsa, Delonix regia, wadda asalinta daga Madagaska take, ita ce babbar nan mai faɗi kamar laima da ke yin jajawur a bakin tituna da harabar makarantu idan damina ta gabato. Suna ƙanana a leda, ganyensu yana kama, har wani mai furen kansa yakan haɗa su ba da mugun nufi ba. Idan kika kai waccan gida kika dasa a filinki mai taku uku, bayan wasu shekaru saiwarta za ta ɗaga miki daɓe, ta tsaga katanga, ga dogayen kwasfa kamar kube, wasu har santimita 60, suna zubo miki. Naki kuwa, Caesalpinia pulcherrima a sunan kimiyya, yawanci a mita 3 yake tsayawa, kuma yana jure aski.

To ki tsuguna gaban ledar ki duba da kanki. Shafa karan a hankali: naki yakan yi 'yan ƙayoyi jefi-jefi, bishiyar kuwa sumul take. Sannan ki dubi 'ya'yan ganyen. Na furen da kike so faɗa-faɗa ne, masu zagayayyen baki, kusan girman farcen ƙaramin yatsa ko fiye. Na bishiyar ƙanana ne ƙwarai, jere reras da yawa kamar haƙoran mataji. Ki kuma ɗaga ledar ki leƙa gindinta. In saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, bar wannan ki ɗauki na kusa da shi.

In ma kina da maƙwabciya mai shi, ba sai kin sayi komai ba. Roƙi kwasfar da ta yi ruwan ƙasa kafin ta fashe, don idan ta bushe sosai takan tsage da kanta ta watsar da irin. Ɓawon irin yana da tauri, sai ki ɗan goga gefensa a jikin siminti, ki jiƙa shi kwana ɗaya, ki shuka a farkon damina inda rana ke duka sosai. A inuwa ganye kawai zai yi ta yi. Ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, kuma da ya kafu rani ba ya tayar masa da hankali, ko da ya zubar da ganye a hunturu.

Tambaya: Ina da jikoki ƙanana da ke wuni a tsakar gida, kuma na ga kwasfarsa kamar ta wake. Ana ci? Daga wani dattijo a Zariya.

Amsa: Baba, kada a ci. Dangin wake ne da gaske, shi ya sa kwasfar ta yi kama, amma irinsa da ya nuna yana da guba, yana sa amai da gudawa. Mai juna biyu ta fi kowa bukatar nisantarsa. Tun a 1705 wata Bajamushiya mai zanen tsirrai da ƙwari, Maria Sibylla Merian, ta rubuta cewa a Suriname, wata ƙasa a Kudancin Amurka, bayi mata suna amfani da irinsa su zubar da ciki, don kada su haifi 'ya'yan da za su tashi cikin bauta. Duk lokacin da na ga furen nan a tambarin ƙasar Barbados, inda shi ne furen ƙasa, wannan labarin nake tunawa. Ba sai kun tumɓuke shi ba, ranka ya daɗe. A riƙa tsinke kwasfar tun tana ɗanya a zubar, hakan ma yana sa ya ƙara fure.

Tambaya: An ce duk dangin wake suna gyara ƙasa. Zan iya zagaye lambuna da shi don in rage sayen taki? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka ya faɗi rabin magana. Idan ka tuge gyaɗa ko wake ka karkaɗe ƙasar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna kamo naitirojin daga iska, sinadarin nan da kake biya a buhun yuriya. Gawo yana yin haka, bagaruwa ma haka. Amma dangin nan babba ne, kuma ba kowa a cikinsa ke da wannan baiwa ba: tsamiya ba ta yi, tafasa ba ta yi, wannan furen ma ba ya yi. Shinge mai kyau zai ba ka, taki kuwa a'a.

Idan shingen da zai ciyar da ƙasa kake nema, sayi waken turawa, wanda Yarbawa ke kira otili, Ibo kuma fiofio. Shi ma ɗan itace ne mai fure ruwan ɗorawa, daga Indiya aka fara nomansa, yana jure fari, yana yin ƙulle-ƙullen nan, ka ci waken, awaki su ci ganyen, busasshen karan kuma ya shiga murhu. Ka nemi irin a wajen masu hatsi daga kudancin Kaduna ko Binuwai, ka zaɓi sabon girbi wanda ƙwaro bai huda ba, kuma kafin ka sayi mudu guda ka jiƙa ƙwaya goma a tsumma ka ga nawa za su tsiro.