Hannu uku a zanen mai rawa: alama ce ko gwaji?

Ka ce ka ga zanen share fage na wata mai rawa, hannunta na dama ya fito sau uku, ga layukan murabba'i sun ratsa jikinta, kana tambaya ko akwai ɓoyayyiyar ma'ana. Galibi babu. Mai zanen yana laluben inda hannun zai zauna ne, ya ja bai yi masa ba, ya sake ja bai goge na farko ba. Layukan kuwa ma'auni ne na kwafe zanen zuwa babban allo. Edgar Degas na Faransa, wanda ya rasu a 1917, ya bar zanen 'yan rawa masu irin waɗannan layuka.

Amma ka nemi kammalallen aikin ka kwatanta. Abin da na lura da shi a harkar zane, gwaji yakan ɓace a ƙarshe, abin da aka yi da nufi kuwa yana nan daram. Dubi siffar Shiba mai rawa ta Indiya, wanda mabiya addinin Hindu ke bauta wa: hannaye huɗu da gangan, ɗaya riƙe da ganga alamar farawar halitta, ɗaya da wuta alamar rushewarta. Idan hannun mai rawarka ya koma ɗaya a kammalallen aikin, to gwaji ne kawai.